Daga Jakusko zuwa ƙofar jirgi: wata huɗun da ake buƙata kafin kare ko kyanwa su tashi sama

Mutanen arewacin Yobe sun daɗe da sanin yadda ake kai dabba nesa. Tun da layin dogo ya isa Nguru a 1930 ake loda shanu da busasshen nama zuwa kudu, kuma har yau tireloli na tashi daga kasuwannin yankin ɗauke da shanu, tumaki da awaki. A wannan harka ciniki da direba da takardar likitan dabbobi sukan wadatar. Shi ya sa ma'aikacin tarayya ɗan Jakusko ko Gashua da aka tura aiki ƙasar waje, ko hadimin da maigidansa ya ce ya shirya wa kyanwar yara tafiya, yakan ɗauka aikin kwana biyu ne. Ga wanda zai nufi Turai ko Birtaniya, shirin yana cin aƙalla wata huɗu, kuma rabinsa ba a filin jirgi ake yinsa ba.

Abin da ya jawo wannan tsawon lokaci shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma cizon kare ne silar kusan kashi 99 cikin 100 na kamuwar mutane. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Najeriya tana cikin ƙasashen da Amurka ta sa a jerin masu babban haɗarin cutar, ba ta kuma cikin waɗanda Tarayyar Turai da Birtaniya suka sassauta wa sharuɗɗa. Saboda haka dabbar da ta fito daga Jakusko da wadda ta fito daga Maitama hukuncinsu ɗaya ne a idon jami'in da zai duba takardu a Frankfurt ko Landan.

Jerin matakai da ba a tsallake ɗaya

Mataki na farko shi ne dasa wa dabbar ƙwayar shaida, wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da likita ke sakawa ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lamba 15. Wannan lamba ce za ta bayyana a kan kowace takarda daga nan gaba. Sai bayan an dasa ta ake yin allurar rigakafin haukan kare, domin Turai ba ta lissafa allurar da aka yi kafin a dasa ƙwayar. Nan ne mutane da yawa ke yin asarar makonni: katin rigakafi yana hannu, amma kwanan watansa ya riga na ƙwayar, dole a sake allura a soma ƙirga daga farko. Ba a kuma yi wa ɗan kwikwiyo ko 'yar kyanwa allurar sai sun cika mako 12.

Bayan kwana 30 da yin allurar sai a ɗebi jini a aika ɗakin gwajin da ƙasar da za a je ta amince da shi, irin na Nancy a Faransa ko na Onderstepoort a Afirka ta Kudu. Ana son ƙarfin garkuwar jikin dabbar ya kai 0.5 a ma'aunin ƙasa da ƙasa cikin kowace mililita. In ya kai, sai a jira wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin. A ƙarshe likitan gwamnati ya sa hannu a takardar shaidar lafiya, wadda kwana 10 kacal take aiki kafin a isa iyakar Turai. Birtaniya ta ƙara da cewa a ba kare maganin tsutsar ciki tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin ya shiga ƙasar.

Amurka ta sauya nata tsarin daga 1 ga Agusta, 2024. Dole karen ya kai wata shida, yana da ƙwayar shaida, kuma mai shi ya cike fom ɗin hukumar CDC ta intanet. Karen da aka yi wa rigakafi a ƙasa irin Najeriya sai ya sauka a filin jirgin da ke da cibiyar kula da dabbobi mai rajista, kamar New York, Atlanta ko Washington, kuma sai an kama masa wuri tun kafin a tashi. In babu sakamakon gwajin jini, za a killace shi kwana 28, mai shi ne zai biya. Kyanwa ta fi samun sauƙi, domin hukumar ba ta neman takardar rigakafinta, ko da yake wasu jihohin Amurka da kamfanonin jirage suna nema.

Ta ɓangaren gida kuwa, izinin fitar da dabba ko shigo da ita yana fitowa ne daga sashen kula da lafiyar dabbobi na tarayya a Abuja, sannan jami'an hukumar NAQS mai killace dabbobi da tsirrai su duba dabbar da takardunta a filin jirgi. Wanda zai dawo gida da kare bayan ya kammala aiki a waje shi ma sai ya nemi izinin shigowa kafin ya taso.

Hanyoyi uku na shiga jirgi

Kamfanonin jirage suna ɗaukar dabba ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku: a ɗakin fasinjoji ƙarƙashin kujerar gaba, ko a ma'ajiyar kaya ta ƙasan jirgin da mai ita yake ciki, ko kuma a matsayin kayan kago da takardarsu daban. A Lufthansa da Air France da Turkish Airlines, dabbar da za ta zauna tare da fasinja ba za ta wuce kilo 8 ba, har da jakar da take ciki. Yawancin kyanwoyi suna shiga wannan iyaka. Karen farauta ko na makiyaya irin na ƙauyukan Bade ya wuce ta nesa ba kusa ba, don haka ƙasan jirgi ne wurinsa.

British Airways ba ya ɗaukar dabbar gida a ɗakin fasinjoji in ban da karnukan da aka horar don taimaka wa makafi da sauran masu buƙata ta musamman, kuma dokar Birtaniya ta sa dabbobin gida da ke zuwa ta sama su shigo a matsayin kago. Emirates ma haka, ban da shaho da yake bari a wasu hanyoyi tsakanin Dubai da Pakistan, saboda matsayin farauta da shaho a al'adar Larabawan Gulf. Saudiyya ta taƙaita shigo da karnuka sai na farauta, gadi ko jagorancin makafi, abin da ya kamata duk wanda aka tura Riyadh ko Jidda ya sani tun da wuri. A kan jiragen cikin gida kuwa kowane kamfani yana da nasa tsarin, saboda haka a nemi amincewa a rubuce kafin a biya tikitin Kano zuwa Abuja ko Legas. Kowane jirgi yana da adadin dabbobin da yake ɗauka a tashi ɗaya, kuma kuɗinsu daban ne, ba ya shiga nauyin kayan da tikiti ya ba fasinja.

Ƙa'idar keji ta fito ne daga ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA. Dole dabbar ta iya miƙewa tsaye ba tare da kanta ya taɓa rufi ba, ta juya, ta kwanta yadda ta saba. Kejin ya kasance mai ƙarfi, da kafofin shan iska, da ƙofar da ba ta buɗewa daga ciki, da mazubin ruwa da za a iya cikawa daga waje, da shimfiɗa mai tsotse fitsari. Kwando ko kwali ko akurkin kaji ba sa karɓuwa. Karnuka da kyanwoyi masu dakakken hanci, irin su bulldog, pug da kyanwar Farisa da 'yan birni ke so, suna fama da numfashi in zafi ko tsoro ya kama su, shi ya sa kamfanoni da dama, ciki har da Lufthansa, ba sa sa su a ma'ajiyar kayan fasinja. Likitocin dabbobi da ita kanta IATA suna gargaɗi kan ba dabba maganin barci, domin yana sauke hawan jini, kuma a sama haɗarinsa ya fi yawa.

Zafin hanya da sanyin allura

Ga dabbar da ta taso daga Jakusko, tafiyar mota ta fi ta jirgi haɗari. Ko ta Potiskum za a bi ko ta Gashua da Nguru, awanni ne masu yawa kafin a kai filin jirgin Malam Aminu Kano. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin yana haura digiri 40. Wasu kamfanonin Amurka ba sa karɓar dabba in zafin filin tashi ko na sauka ya wuce digiri 29, wanda hakan ya nuna irin tazarar da ke tsakanin abin da ake ganin dabba za ta jure da yanayin bazararmu. Ɓangaren ma'ajiyar jirgi da ake sa dabbobi yana da iska da daidaitaccen yanayi, ana kuma sanar da matuƙi cewa akwai mai rai a ƙasa. Inda matsala ke faruwa shi ne lokacin jira a kan kwalta da cikin but ɗin mota. Gara a taso da asuba, a sa kejin a kujerar baya, a tsaya a ba da ruwa, a kuma zaɓi jirgin dare ko na sassafe.

Zafin yana shafar allurar ma. Ana adana rigakafin haukan kare tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta kwana a firjin da babu wuta, ko ta yini a aljihun mai babur, tana iya rasa ƙarfinta ba tare da kowa ya lura ba, sai gwajin jini ya dawo ƙasa da 0.5 bayan an kashe kuɗi da makonni. Don haka ya fi dacewa a yi allurar a asibitin dabbobi na gwamnati ko asibitin koyarwa irin na Jami'ar Maiduguri ko na Ahmadu Bello da ke Zariya, a kuma tabbatar likita ya rubuta lambar kwalbar da ranar ƙarewarta a kan kati.

Akwai kuma tsarabar da ke jefa hadimai cikin rigima. Yankin dausayin Hadeja da Nguru, har da mafakar tsuntsaye ta Dagona, matattarar tsuntsaye ce da ke zuwa daga Turai a kowane hunturu, kuma ba a rasa mai ba babban baƙo kyautar tsuntsu ko kunkuru. Namun daji suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba dokar dabbobin gida ba. Aku mai launin toka ya shiga rukunin farko na yarjejeniyar tun 2017, wanda ya haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ɗaukarsa ba izini laifi ne a filin tashi da na sauka.

Abin da ke hannun masu tsara manufa

Waɗannan sharuɗɗa suna bin matsayin ƙasa ne, kuma matsayi yana sauyawa. Amurka ta kawar da nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka a 2007. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Meziko cewa ta kawar da mutuwar mutane ta dalilin cizon mahaukacin kare, bayan shekaru tana yi wa karnuka allura kyauta. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi a kai a kai, yaɗuwar cutar tana yankewa. Najeriya tana da cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924 kuma take sarrafa allurar, tana da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka ƙirƙira a 2024, kuma tana cikin ƙasashen da ke fatan kawo ƙarshen mutuwa daga cutar nan da 2030.

Wanda ya fi buƙatar wannan aiki shi ne yaron da ke bin garke a bakin kogin Yobe, domin kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda cutar ke kashewa a duniya yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In kare ya cije shi, abin da zai cece shi shi ne a wanke ciwon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru a soma masa allura. Jami'in da ke rubuta kasafin rigakafin dabbobi a Abuja yana da hannu a cikin wannan. Shi kuwa wanda takardar sauyin aiki ta iske, Hausawa sun ce tun ran gini ran zane: ranar da ya karɓi takardar ita ce ranar kai dabbar wurin likita.