Yaran da Ba Su da Takardu a Amurka: Za Su Shiga Aji?

A Amurka akwai iyayen da suka shiga ƙasar da 'ya'yansu ba tare da takardun izinin zama ba. To, yaran nan suna da damar shiga makarantar gwamnati?

A shekarar 1975 jihar Texas ta yi doka cewa ba za ta kashe kuɗinta kan karatunsu ba. Daga baya hukumar makarantun garin Tyler ta ce kowane yaro ya biya dala 1,000 a shekara, ko ya zauna a gida. Iyayen talakawa ne daga Meziko. Ina za su samo wannan kuɗi? Sai suka kai ƙara.

Shari'ar, mai suna Plyler da Doe, ta kai Kotun Ƙoli. A 1982 alƙalai biyar suka goyi bayan yaran, huɗu suka ƙi. Mai shari'a William Brennan ya bayyana cewa tsarin mulki yana kare duk wanda ke cikin jihar, ko da ba ɗan ƙasa ba ne. Kuma ba yaron ne ya zaɓi tsallaka iyaka ba, kawo shi aka yi. Ni dai wannan hujjar ta fi kwanta mini.

Amma hukuncin ya tsaya ne kan firamare da sakandare, bai haɗa da jami'a ba.