Hutu A Kaduna: A Kasuwa Guzurin Maigida Ke Ƙarewa

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya tsaya a bakin Babbar Kasuwar Kaduna ta wajen titin Ahmadu Bello a cikin watan Agusta, ko kuwa a ƙarshen Disamba, ba zai rasa ganin wani irin ayari ba. Maigida yana gaba ya dafe aljihu, uwargida tana baya da goyo, yara uku ko huɗu a tsakiya sun riƙe hannun juna, suna tafe suna ɗaga kai suna kallon benaye. Waɗannan baƙi ne da suka zo hutun makaranta daga Funtuwa, ko Gusau, ko Malumfashi, suka sauka gidan wani ɗan'uwa a Tudun Wada, ko Unguwar Rimi, ko Kawo. 'Yan kasuwa sun san su tun daga nesa, kuma sun san ba za su fita hannu sake ba.

An raɗa wa wannan kasuwa sunan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi bayan rasuwarsa a 1992, amma kwandastan bas ba ya wahalar da bakinsa, Kasuwa kawai yake kira, kowa kuwa ya san inda ake nufi. Da yake nan ne motocin unguwanni ke sauke fasinja su ɗauki wasu, baƙo ko ina za shi a cikin gari da wuya bai ratsa ta nan ba. Abin da magidanta da yawa ba su sa wa a lissafinsu ke nan. Suna ƙidaya kuɗin mota da kuɗin shiga wuraren kallo, su ga abin da suka tara ya isa, alhali kuwa wuraren kallo ba su ne ke cin kuɗi a Kaduna ba. Kasuwa ce ke ci, da zirga-zirga, da kunyar komawa gida babu tsaraba.

Ni kaina na ga misalin haka a gidana. A hutun Agustan 2024 yayana ya zo da iyalinsa, su shida, da niyyar kwana bakwai. Kashegarin zuwansu aka ce a leƙa kasuwa a ga gari kawai, ba sayayya ba. Suka dawo bayan la'asar da ɗan dako yana biye da su: turmin atamfa biyu, takalman yara, jakar makaranta, da wata kular abinci da matar Yaya ta ce tun tuni take nema. Ran kwana na biyar da dare Yaya ya kira ni waje, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sa'an nan ya ce ko akwai abin da zan iya ranta masa na mota. Ni ma sai da na je na ranto. Yaran kuwa sun koma ba su ga komai na Kaduna ba sai kasuwa da talabijin ɗin falona.

Saboda haka abu na farko da ya kamaci mai zuwa hutu shi ne ya fitar da kuɗin komawa tun daga gida, ya ƙulle su daban, ya ɗauka ba nasa ba ne. Kuma ya ƙara wani abu a kai, domin kuɗin mota ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024, direbobi kuwa a kan fasinja suke fanshewa, balle a ce ranar da kowa ke neman komawa ce. Wanda ya biyo jirgin ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a 2016, shi ma ya tuna cewa a Rigasa za a sauke shi, can yammacin gari, daga nan zuwa masauki wata tafiya ce mai kuɗinta. A cikin gari kuma, iyali mai mutum shida ba su shiga Keke Napep ɗaya. Duk fita guda, watau keke biyu ne zuwa, biyu dawowa.

Nauyin Mai Masauki

Akwai wani kashe kuɗi da ba ya fitowa daga aljihun baƙo, don haka ba ya ganinsa. Bahaushe ba ya kai iyalinsa otal alhali yana da ɗan'uwa a gari, in ma ya yi sai a ce ya yanke zumunci. To amma mai masaukin nan sau da yawa ɗan albashi ne, mafi ƙarancin albashi kuwa da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Gidan da ake dafa mudu ɗaya sai ga shi ana dafa uku, ga shayin safe, ga nama don fita kunyar baƙi, ga ruwan saye in famfo bai kawo ba. Ba zai yi magana ba, uwargidansa ma ba za ta yi ba, sai dai bayan an tafi a shiga cin bashi wurin mai shago.

Magidancin da ya san ya kamata yakan taho da abin da ya fi araha a garinsu, ko masara, ko wake, ko busasshiyar kuɓewa da daddawa, ya sauke a madafa ba tare da dogon bayani ba. In bai samu haka ba, to shigarsa ta farko cikin kasuwa ta zama ta cefane ce, shi kaɗai ko shi da mai masauki: shinkafa, mai, kayan miya, sukari da sabulu. Wannan ita ce sayayyar da ta halatta a ranar farko. Sauran duk su jira.

Wuraren da za a kai yara kuwa suna nan, kuma yawancinsu ba su nesa da juna a arewacin kogi. Gidan Tarihi na Ƙasa yana kan titin Ali Akilu, an buɗe shi a 1975 a ginin da ya taɓa zama hedkwatar jam'iyyar NPC, a ciki yaro zai ga mutum-mutumin yumɓu na Nok da yake ji a darasin tarihi. Gidan Arewa yana titin Rabah, nan ne gidan Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966, aka mai da shi cibiyar binciken tarihi a 1970, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Zauren Lugga, inda Majalisar Jihar Arewa ta zauna a da, Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke zama yanzu, daga bakin titi ma ana ganin ƙubbarsa, ba ko kwabo. Dandalin Murtala fili ne na kowa. Wanda ya tsara fitarsa da kyau zai haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan a yini ɗaya, ya yi Azahar a Masallacin Sultan Bello, kuɗin keke ya ragu.

Inda ake buƙatar hattara shi ne Ƙofar Gamji, watau lambun Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogi, inda aka kafa tsohuwar gadar ƙafa ta Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Kuɗin ƙofa ba shi ne abin tsoro ba. Abin da ke bayan ƙofa ne: mai askirim, mai hoto, mai balan-balan, mai tsire, kowanne yana kallon idon yaro, yaro yana kallon idon Baba. Uwargida mai dabara takan dafo dafa-duka a kula, ta haɗo zoɓo ko kunun aya a gora, a ba kowane yaro ɗan abin da zai kashe a hannunsa, a gaya masa in ya ƙare ya ƙare. Lalle za a yi kuka, amma kukan ba ya wuce bakin ƙofa. Mai zuwa a Agusta kuma ya tuna tsakiyar damina ce, ruwa na iya rushe fitar da aka riga aka biya mata kuɗin keke, gara a fita da hantsi.

Ranar Tsaraba

Mu koma kasuwa, tun da can ne maganar take. Tsaraba ba abin da za a ce a bari ba ne. Inna tana jira, Gwaggo tana jira, maƙwabciyar da ta kula da awaki ita ma tana sa rai, kuma wanda ya je Kaduna ya dawo hannu biyu ya san abin da za a faɗa bayan idonsa. Abin da za a iya yi shi ne a rubuta sunayen tun daga gida, kowa da abin da za a saya masa da iyakar kuɗinsa, sa'an nan a ajiye ranar sayen sai ana jibi tafiya. A lokacin maigida ya riga ya san abin da ya rage masa na gaskiya, ba wanda yake zato ba.

Mu ɗauka, a bisa misali kawai, mutum ya taro naira 200,000 don kwana bakwai. In mota zuwa da komawa ta ɗauki 70,000, cefanen gidan masauki ya ɗauki 40,000, aka ware 20,000 saboda zazzaɓin yaro ko wata larura, abin da ya saura 70,000 ne, a cikinsa za a yi yawo, a cikinsa za a yi tsaraba. Turmin atamfa mai kyau guda biyu na iya tafiya da rabin wannan. Wanda ya yi wannan lissafi a takarda kafin ya baro gida, shi ne zai iya duban mai shago ya ce a bari sai wani jiƙon.

Kada a shiga da yara. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce tsimin kuɗi, ko da yake ita ce ba a bi. Yaro ba ya taya ciniki, ɓata shi yake yi, domin da zarar ya rungume takalmi ya ce shi yake so, mai kaya ya daina sauraron tayi. A bar su gida wurin 'yan'uwansu, a auno ƙafarsu da zare ko tsinke. A tafi da matar mai masauki in hali ya yi, ita ta san layin 'yan atamfa da na 'yan takalma, ta san wanda take saye wurinsa shekara da shekaru, kuma ba za a gaya mata kuɗin baƙo ba. A taya a shago uku kafin a biya a ɗaya. In mai kaya ya ce albarka, a yi gaba, ba faɗa ba ne, sau da yawa kafin a kai ƙarshen layi yaronsa ya biyo baya ya ce a kawo. Kayan sawa na yara kuwa, musamman gwanjo da ɗinkakku, mutanen gari sukan nufi Kasuwar Barci ta Tudun Wada, ba laifi baƙo ya tambayi mai masaukinsa ina ya fi sauƙi.

Sai maganar riƙon kuɗin. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 'yan kasuwa da yawa sun saba karɓar tiransifa, amma in layi ya tsaya sai mutum ya yi ta zaman jira a shago, kuɗi sun fita daga wurinsa ba su isa wurin mai kaya ba. Masu POS kuma kowace cira da ladanta, wanda ke cirar kaɗan-kaɗan sau biyar a yini ya biya lada biyar. Gara a ciri na ranar gaba ɗaya, a raba shi gida biyu, wani wurin maigida wani wurin uwargida, domin inda cunkoso yake nan 'yan sane suke, kuma aljihun gefe na kaftani shi ne abincinsu. A yi ciniki da ɗan dako kafin ya ɗora kaya a baro, ba bayan ya sauke ba.

Hutun Agusta yana da wani tarko da na Disamba bai kai shi ba. A watan Satumba ake shiga sabuwar shekarar karatu, ga kuɗin makaranta, ga sabon yunifom, ga littattafan sabon aji, duk a mako ɗaya. Wasu magidanta sukan ce ai shi ya sa suke sayen jaka da takalmin makaranta a Kaduna, tun da an fi samun zaɓi. Wannan daidai ne, muddin daga kuɗin makaranta aka ware su tun farko, aka zo da su a ƙulle da sunansu. Yayana bai yi haka ba. Jakar da ya saya mai kyau ce ƙwarai, amma mai jakar sai da ya yi mako biyu a gida bayan an koma, kafin a sayar da tunkiya a biya masa kuɗin zango.