Sammakon neman jami'a a Amurka: abin da ke jiran mai son zama likita

Ran 1 ga watan Nuwamba na kowace shekara, tun karatun ajin ƙarshe na lise bai cika wata uku ba, dubban ƴan makaranta a ƙasar Amurka sun riga sun aika da dosiyensu zuwa jami'ar da suke so. Ba wanda ya tilasta musu wannan gaggawa, gama ranar da aka ajiye ma kowa da kowa tana can farkon watan Janairu. Da gangan suka yi sammako, don sun ji ana cewa mai sammako shi ke samun wuri a manyan jami'o'in nan masu tsananin zaɓe. Da yawa daga cikinsu kuwa aikin likita suke hange. Maganar tana da gaskiyarta, amma akwai abin da take rufewa, kuma wanda ya fi kowa cutuwa da abin da ta rufe shi ne yaron da ke son zama likita alhali gidansu ba masu hali ba ne.

Kafin a gane zancen, sai an san bambancin hanya. A Nijar, wanda ya ci bak, in aka karɓe shi a sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko na Maraɗi ko na Damagaram, to ya shiga ke nan. In ya yi ta cin jarrabawarsa shekara bayan shekara, dakta zai fito. A Amurka ba haka abin yake ba. Can yaro ba ya fita daga lise ya faɗa makarantar likita kai tsaye. Sai ya yi shekara 4 a jami'a ya samu digiri na farko, kwatankwacin lisans, sa'an nan ya sake neman wuri a makarantar likita, ya yi wata shekara 4, bayan haka ya yi aikin ƙwarewa a asibiti shekara 3 zuwa 7. Waɗancan shekaru huɗu na farko su ne share fage, abin da Amurkawa ke ce ma firimed. Ba wani sashe ba ne mai ƙofa da darakta. Ɗalibi yana iya karanta tarihi ko kiɗa ko lissafi, muddin dai ya haɗa da darussan da makarantun likita ke bukata, watau ilimin halittu, da shimi iri biyu, da fizik, tare da aikin ɗakin gwaji.

Wannan tsari yana da asali. A 1893 Jami'ar Johns Hopkins ta birnin Baltimore ta buɗe makarantar likita, ta ce ba ta ɗaukar kowa sai mai digiri, a zamanin da makarantu da yawa ke ɗaukar duk wanda ya iya biyan kuɗi. A 1910 wani malami mai suna Abraham Flexner ya fid da rahoto bayan ya zagaya makarantun likita 155 na Amurka da Kanada, ya tona asirin lalacewar yawancinsu, ya ba da shawara a bi sawun Johns Hopkins. Makarantu da dama suka rufe. Cikin bakwai da ke koyar da baƙar fata, biyu kaɗai suka tsira, Howard da Meharry, kuma wannan tabo ya daɗe bai warke ba.

Ke nan yaron da ya yi sammako a Nuwamba, ba ƙofar aikin likita yake bugawa ba. Ƙofar zaure ce kawai; ta cikin gida tana gaba da shekara huɗu.

Sammakon nan iri biyu ne. Akwai marar alkawari: yaro ya nema da wuri, a ba shi amsa tsakiyar Disamba, in an ɗauke shi yana da damar ya jira amsar sauran jami'o'i, ba sai ya yanke shawara ba sai ran 1 ga Mayu. Harvard da Yale da Princeton da Stanford irin wannan suke yi, sai dai sun hana mai nema ya yi ma wata jami'a mai zaman kanta sammako a lokaci guda. Akwai kuma mai alkawari, wanda Johns Hopkins da Columbia da Cornell da Brown da Duke da wasu da yawa ke yi. A nan yaro zai sa hannu a takarda, ubansa ko uwarsa su sa, malamin da ke ba ƴan makaranta shawara a lisensu shi ma ya sa, cewa in an ɗauke shi lalle zai zo, zai kuma janye duk wani dosiye da ya aika wani wuri. Hanyar fita ɗaya aka bar masa, ita ce in taimakon kuɗin da jami'ar ta yanka masa bai isa ya yi karatun ba.

Mene ne ribar jami'a? Tana cika gurabenta da ƴaƴan da ta tabbata za su zo, har wasu jami'o'in kan cika kusan rabin sabon aji ta wannan hanya. Ribar yaro kuwa a lissafi take. A watan Disamba na 2023, Harvard ta ɗauki mutum 692 cikin 7,921 da suka yi sammako, kusan 9 cikin 100 ke nan, alhali in an haɗa dukan masu nema na wannan shekarar, waɗanda suka haura 54,000, ba a ɗauki ko 4 cikin 100 ba. Tun a 2003 masu bincike uku, Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser, suka wallafa littafi bisa wannan al'amari, suka nuna cewa yin sammako ya yi daidai da a ƙara ma yaro maki wajen 100 a jarrabawar SAT, wadda iyakarta 1,600.

Amma fa lissafin yana bukatar a karanta shi da hankali. Cikin masu sammako akwai ƴan wasan motsa jiki da jami'a ta riga ta gayyata, akwai ƴaƴan tsoffin ɗalibanta, akwai waɗanda suka fito daga lise masu tsada inda malami guda ke kula da dosiyen yara kaɗan. Hausawa sun ce in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Waɗannan su ne suka kwana a tafe, kuma su ne ke kumbura adadin. Yaron da ya fito daga makarantar gwamnati ta unguwar talakawa, inda malami ɗaya ke ɗauke da ɗaruruwan yara, sau da yawa bai ma ji labarin ranar 1 ga Nuwamba ba sai ta wuce.

Babbar matsalar dai ta kuɗi ce. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, kuɗin makaranta da na kwana da na abinci a irin waɗannan jami'o'i ya kai wajen dalar Amurka 90,000 a shekara. Kada mai karatu ya ɗauka dalar nan ta kasuwar Maraɗi ce. Kuɗin ya haura miliyan 50 na sefa. Gaskiya ne manyan jami'o'in suna rage ma marasa hali da yawa, wasu ma ba su biyan kome. Sai dai kowace jami'a da irin awonta, kuma iyalin da ke tsaka-tsaki, ba mai arziki ba, ba matalauci ba, ba ya sanin inda ya fi sauƙi sai ya jera takardun jami'a uku ko huɗu ya gwada. Wanda ya jira zai iya yin haka a watan Afrilu. Wanda ya sa hannu a Nuwamba kuwa tayi ɗaya ke gabansa, kamar mai sayen sa wanda ya rantse tun daga gida cewa a hannun dillali guda zai saya. Ɗan mai kuɗi bai damu ba. Saboda wannan dalili ne a 2006 Harvard, a ƙarƙashin shugabanta na riƙo Derek Bok, ta ba da sanarwar soke sammako, tana mai cewa tsarin yana ƙara fifita waɗanda dama suna da fifiko. Princeton da Jami'ar Virginia suka bi ta. Sauran ba su bi ba, suka ci gaba da kwashe ɗalibai tun Disamba. A 2011 Harvard da Princeton suka komo ma abin da suka bari.

Ga mai son zama likita, wannan nauyi ninki biyu ne, don bayan shekara huɗu na farko akwai wasu huɗu da za a biya. Yawancin masu fita daga makarantar likita a Amurka da bashi suke fita, kuma matsakaicin bashin masu bashi ya kai wajen dala 200,000. Akwai ƴan makarantun da suka yafe kuɗin karatu, kamar ta Jami'ar New York tun 2018, amma ba su da yawa, shigarsu kuma sai wane da wane. Wanda ya ƙare dukiyar gidansu a zaure, da me zai shiga cikin gida?

Sa'an nan sunan jami'a ba shi ne ke buɗe makarantar likita ba. Yana taimakawa, musamman ga mai son shiga makarantun da ke kan gaba, kuma babbar jami'a tana da ɗakunan bincike da asibiti a kusa. Amma abin da ake fara dubawa shi ne makin da ɗalibi ya tara cikin shekara huɗu, da sakamakon wata jarrabawa da ake kira MCAT, wadda ake wuni ana yi, sa'a bakwai da wani abu, makinta daga 472 zuwa 528. Bayan haka a duba ko ya yi hidima a asibiti, ko ya bi likita ya ga yadda aikin yake, da kuma abin da malamansa suka rubuta a kansa. A 2023 mutum fiye da 52,000 suka nemi makarantun da ke ba da digirin MD, kusan 23,000 suka shiga. Fiye da rabi suka koma gida, kuma waɗannan su ne ma suka jure har ƙarshen share fage. Wasu da yawa sun sauka tun a hanya, galibi a darasin shimi na biyu, wanda ya yi suna wajen karya gwiwar ɗalibai. Yaron da ya saba zama na ɗaya a lisensu, in ya sami kansa cikin aji mai ɗaruruwan na ɗaya, makinsa na iya faɗuwa, alhali da a jami'ar jiharsu yake, mai araha, da ya fito da maki mai kyau da shaidar malaman da suka san shi ido da ido. Ba a cika gaya ma ɗan shekara 17 wannan ba, don ba shi ne abin da ke daɗin ji ba ranar da ake shagalin fitowar sakamako.

Akwai wata gajeriyar hanya da ke jan hankalin iyaye. Wasu jami'o'i kaɗan suna da shiri na haɗe, inda ake ɗaukar yaro daga lise tare da alkawarin wuri a makarantar likita in ya cika sharuɗɗa. Na Jami'ar Brown, mai shekara 8, yana cikin waɗanda suka fi suna. Gurabensa ƴan kaɗan ne ƙwarai, kuma wanda ya nema ta hanyar sammako mai alkawari, in aka ɗauke shi a jami'ar ba a ɗauke shi a shirin ba, alkawarin yana nan a wuyansa.

Sammako yana da amfani ga wanda ya cika abu uku: dosiyensa ya nuna tun Oktoba ba ya jiran makin sabuwar shekara ya gyara shi, gidansu sun yi lissafin kuɗin sun ga za su iya, kuma yana son jami'ar ko da wata rana ya fasa aikin likita. Na ukun nan shi aka fi mantawa da shi, alhali kuwa shi ya fi faruwa.

Ga ɗan ƙasar waje, irin ɗan Nijar da iyayensa ke tunanin wannan hanya, ƙofar cikin gida ta fi ƙunci nesa ba kusa ba. Yawancin makarantun likita na Amurka ba su ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba ne ko mai takardar zama ta dindindin. Waɗanda ke ɗauka, wasunsu na neman a nuna kuɗin shekarun karatu tun kafin a shiga aji, kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya ba a ba baƙo. Yana yiwuwa ƙwarai yaro ya samu Harvard ko Johns Hopkins a Disamba, ya yi shekara huɗu da maki mai kyau, sa'an nan ya tarar makarantun da zai iya aika ma dosiye ba su wuce ƴan gomiya ba.