Gyaran Motar da Ta Yi Haɗari: Abin da Fenti Ke Ɓoyewa

A shekarar 2012 ƙanƙara ta lotsa rufin wata ƙaramar mota ƙirar Honda Fit a ƙasar Amurka. Mai ita ya kai ta wani babban gareji a birnin Dalas na jihar Teksas, kamfanin inshora kuma ya biya kuɗin gyara. Littafin gyara na kamfanin Honda ya tanadi a haɗa sabon rufin da gangar jikin motar da ɗigon walda fiye da 100. Maimakon haka sai aka manna shi da gam, aka bi da fenti. Motar ta fito tsaf, har wasu ma'aurata suka saye ta ba tare da sanin abin da ya faru ba.

A watan Disamba na 2013 wata a-kori-kura ta zame a kan jiƙaƙƙen titi, ta yi taho-mu-gama da su. Rufin ya ɓalle, tankin mai da ke ƙarƙashin kujerun gaba ya fashe, wuta ta tashi, mijin ya maƙale a ciki ya sami mummunar ƙuna. A 2017 kotu ta yanke musu diyyar dala miliyan 42, ta ɗora wa garejin kashi 75 cikin ɗari na laifin.

Don a fahimci yadda rufi ya jawo wannan, sai a dubi abin da ke samun jikin ɗan Adam lokacin haɗari. Wanda ke tafiya da gudun kilomita 50 a sa'a, in ya tsaya farat ɗaya, tamkar ya faɗo ne daga tsawon mita 10. Masana sun ce karo uku ake yi a haɗari guda. Na farko, mota ta bugi wani abu. Na biyu, jikin mutum ya bugi bel ko sitiyari. Na uku kuwa, kayan ciki su bugi ƙasusuwan da ke kewaye da su: ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai, hanta da saifa su tsage, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ma tana iya yagewa. Wannan karo na uku shi ya fi kisa, ga shi kuma ba a ganinsa da ido.

Saboda haka ne injiniya Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz ya ƙirƙiro dabarar da aka fara amfani da ita a motocin kamfanin a 1959. Gaba da bayan mota su kasance masu lanƙwashewa don su shanye ƙarfin bugu a hankali, ɗakin fasinja kuwa ya tsaya ƙyam kamar yadda haƙarƙari ke kare huhu da zuciya. A motocin zamani rufi yana cikin wannan haƙarƙarin. In bai haɗu da sauran jiki yadda aka tsara ba, ƙarfin bugun sai ya bi ta hanyar da ba a tanada masa ba.

To, ina ruwan inshora a nan? A Amurka manyan kamfanonin inshora suna da jerin garejojin da suka ƙulla yarjejeniya da su. Kamfani yana tura wa gareji masu motoci, shi kuma gareji ya amince da farashin aikin da aka ƙayyade masa, da gama aiki cikin hanzari, sau da yawa har da amfani da kayan gyaran da ba na ainihin kamfanin motar ba. Tsarin yana da amfaninsa, domin yana rage wa mai mota zirga-zirga, kuma da yawa daga garejojin suna ba da garanti. Matsalar ita ce mai biyan kuɗi daban, mai shiga motar daban. Gareji yakan ji tsoron ɓata wa wanda ke kawo masa ciniki, sai a tsallake matakan da ido ba ya gani. Shi ya sa jihohi da dama suka kafa dokar da ta hana tilasta wa mai mota zuwa garejin da inshora ta zaɓa.

Matakan da akan tsallake ba walda kaɗai ba ne. Ginshiƙan ƙofofin motocin yanzu da wani ƙarfe mai tsananin ƙarfi ake yin su, wanda in aka gasa shi da wuta don a miƙar da shi, ƙarfinsa ya tafi ke nan, sai dai a sauya shi. Haka nan jakar iska da na'urorin da ke sa mota taka burki da kanta suna buƙatar a gwada su a sake saita su bayan gyara.

Lamarin bai tsaya a Amurka ba. Da yawa daga motocin da kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu bayan haɗari ana shigo da su ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano, masu gyaran jikin mota su daddaƙe su da guduma da wuta, su cike da fenti, a kai su kasuwa. Irin wannan mota kyan ɗan maciji gare ta.

Don haka mai niyyar sayen mota ya binciki tarihinta ta lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, ya kuma sa ƙwararre ya duba ƙarƙashinta da ginshiƙanta. Ya lura ko fitilar jakar iska tana kamawa in an kunna mota, sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya kai tasa gyara kuwa ya tambayi ko an bi littafin kamfanin da ya ƙera ta, ya kuma nemi a rubuta masa duk abin da aka sauya. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa kuɗin da aka rage a gareji jikin fasinja ne ke biyan sa ranar haɗari.