Inda sababbin masu koyon Python ke tuntuɓe, daga harafin ƙ zuwa pip

A ranar farko komai yakan tafi daidai. Ɗalibi ya sauke Python a kwamfutarsa, ya rubuta layi ɗaya, kwamfuta ta gaishe shi, ya ɗauki hoton allon ya tura wa abokai. Rigima tana somawa ne ranar da ya ce bari ya yi aikin gaske, misali ya tace sunayen ɗaliban makarantarsu ko ya lissafa bashin da ake bin kwastomomin shagon yayansa. Nan jan rubutu zai cika masa allo da Turancin da bai taɓa gani a littafi ba.

Yawan masu shiga wannan hali ya ƙaru a Najeriya tun bayan da Ma'aikatar Sadarwa, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani. Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, na cikin harsunan da ake fara koya wa masu sha'awar nazarin bayanai, saboda rubutunsa ya fi na sauran sauƙin karantawa. Sai dai sauƙin yana da iyaka, kuma Bahaushe yakan riski iyakar tun kafin takwaransa mai aiki da Turanci.

Dalili kuwa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Tsohon tsarin ASCII, wanda aka kafa tun shekarun 1960, gurbi 128 kacal gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Tsarin UTF-8 da ya mamaye intanet a yau yana ɗauke da su, amma kowannensu bayit biyu yake ci. Idan ɗalibi ya buɗe fayil a Python a kan Windows ba tare da ya faɗi tsarin da aka rubuta shi ba, Python yakan ɗauki tsarin da kwamfutar ta saba da shi, wanda a yawancin kwamfutocin da ke aiki da Turanci shi ne cp1252. Wannan tsari bayit ɗaya-ɗaya yake karantawa, don haka sai ya raba harafi ɗaya gida biyu. Kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne, manhajar ba ta ko tari a kan wannan ɓarna. Za ta ci gaba da aiki, ta adana sunayen a gurɓace, sai ranar da aka buga takardar sakamako a ga sunan yaro ya zama wani abu dabam. Amma da zarar ta ci karo da babban Ɓ, sai ta tsaya cak ta fitar da UnicodeDecodeError, domin bayit na biyu na wannan harafin ba shi da gurbi ko kaɗan a cp1252. Ɗalibi na iya shafe yini yana neman laifin layin da ya rubuta, alhali harafi ɗaya ne a layi na ɗari huɗu na fayil ɗin ya jawo. Maganin bai kai rabin layi ba: a ƙara encoding="utf-8" lokacin buɗe fayil. Masu kula da Python sun riga sun amince cewa daga siga ta 3.15 tsarin UTF-8 ne zai zama na asali, amma kwamfutocin da ke cibiyoyin koyarwa ba rana ɗaya za su sabunta ba.

Bayan an karanta fayil lafiya, sai batun tsinto kalmomi. Darussa da yawa na intanet suna koyar da a nemo kalma da tsarin a-z, wato duk harafin da ke tsakanin a da z. Ga Turanci wannan ya wadatar. Ga Hausa kuwa, baƙo zai rabu ya zama ba da o, ƙasa ta zama asa, kuma duk ƙidayar kalmomin da aka yi a kai ta tashi a banza. Alamar \w a Python 3 ta san haruffan Hausa, sai dai ita ma ba ta san hamza ba, saboda haka jama'a da sana'a da addu'a duk za su tsinke a tsakiya. Wanda ya ce bari ya share duk alamomin rubutu kafin ya fara ƙidaya, ya mayar da 'ya'ya yaya, ma'ana ta sauya gaba ɗaya. Ga kuma bambancin rubutu tsakanin ƙasashe biyu: abin da Najeriya ke rubutawa da 'y, Nijar na rubuta shi da ƴ, kuma a wurin kwamfuta waɗannan ba su da dangantaka ko ta nesa.

Hamzar nan tana da wani tarkon. Python na amfani da irin alamar wajen buɗe zance da rufe shi, don haka wanda ya rubuta print('jama'a') zai sha SyntaxError, domin Python ya ɗauka zancen ya ƙare a jama. Haka nan idan aka ce ya jera sunaye bisa haruffa, Ɗanjuma zai faɗo bayan Zainab, saboda lambar da Unicode ya ba Ɗ ta fi ta Z girma.

Lambobi ma ba su tsira ba. Lambar waya da ta fara da 080 tana rasa sifilinta na farko idan aka karanta ta a matsayin adadi, abin da pandas ke yi da kansa idan ba a hana shi ba. Kuɗin da aka rubuta 25,000 da waƙafi ba zai shiga lissafi ba sai an cire waƙafin. Duk abin da mutum ya shigar ta input kuma rubutu ne a wurin Python, shi ya sa 5 da 5 ke ba da 55.

Sai kuma babbar gada, wato sauke ƙunshin manhajojin da wasu suka rubuta. Rumbun da ake ɗebo su shi ne PyPI, abin ɗebowar kuma pip. A nan ɗalibi zai rubuta pip, Windows ta ce ba ta san shi ba, galibi saboda lokacin girka Python bai danna ɗan akwatin da ke ƙara shi cikin PATH ba. Wani kuma pip zai tabbatar masa an sauke komai, ya koma manhajarsa ta ce ModuleNotFoundError. Yawanci Python biyu ne a kwamfutar, an zuba kayan a ɗaya ana nema a ɗayan. Shi ya sa ƙwararru suka fi son a rubuta python -m pip install, domin kayan su sauka a gidan da za a yi amfani da su.

Sunaye ma na yaudara. Abin da ake kira cv2 a cikin manhaja, a rumbu sunansa opencv-python. PIL ana sauke shi da sunan Pillow, sklearn kuma scikit-learn. Kuskuren harafi ɗaya a nan ba wasa ba ne. A 2017 hukumar tsaron Sulobakiya ta gano ƙunshi 10 na bogi a PyPI masu sunaye irin su urlib3, waɗanda aka ajiye musamman domin wanda yatsansa ya zame wajen rubuta urllib3. Duk wanda ya sauke irinsu ya buɗe wa baƙo ƙofar kwamfutarsa da hannunsa.

Akwai kuma wanda ke jawo wa kansa: ya sa wa fayil ɗin gwajinsa suna random.py ko csv.py, Python ya ɗauko nasa maimakon na asali, komai ya rushe.

Masu amfani da Linux sun gamu da sabon shinge tun 2023, lokacin da Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka fara hana pip zuba kaya kai tsaye cikin Python ɗin da ita kanta kwamfutar ke dogara da shi. Saƙon da ke fitowa, externally-managed-environment, yana tsorata sababbi, har wasu su kwafo umarnin da ke karya shingen ba tare da sanin haɗarinsa ba. Hanyar da ta dace ita ce a buɗe wa kowane aiki keɓaɓɓen ɗakinsa da venv. Tsofaffin darussa ma na ƙara dagula lamarin: an daina kula da Python 2 tun ranar 1 ga Janairun 2020, amma bidiyoyinsa na nan birjik a YouTube, kuma print ɗinsa marar baka ba ya aiki a Python 3.

Ga ɗalibin da ke sayen data da kuɗin aljihunsa, matsalar tana da wata fuskar. Manyan ƙunshi irin TensorFlow da PyTorch na cin ɗaruruwan megabayit, pip kuma daƙiƙa 15 yake jira idan sabis ya ɗauke kafin ya ɗauka layin ya yanke. Ana iya tsawaita wannan lokaci da --timeout. Ana kuma iya amfani da pip download, mutum ɗaya ya sauke kayan inda sabis ke da ƙarfi, ya raba wa sauran 'yan aji a filashi, muddin sigar Python da nau'in kwamfutocinsu iri ɗaya ne.

Shi kansa jan rubutun da ke firgita ɗalibai yana da tsari. Python yana jero hanyar da ya bi daga sama, amma ainihin sunan kuskuren da dalilinsa suna layi na ƙarshe, lambar layin da abin ya faru kuma tana sama da shi kaɗan. Tun daga siga ta 3.10 saƙonnin sun ƙara fayyacewa, har Python kan tambayi mutum ko wata kalma yake nufi idan ya yi kuskuren rubuta suna, a 3.11 kuma ya fara ja wa daidai gurbin da matsalar take layi a ƙarƙashi.