Zaki da tauraro: yadda ake gane tambarin asali a tsohuwar mota

A unguwar Zango da ke Kwatano, wanda ya ɗauko tsohuwar Peugeot ko Marsandi don ya farfaɗo da ita yakan kashe kuɗinsa a kan inji da fenti, sai a ƙarshe ya tuna da tambari. A nan ne da yawa suke yin ɓarna, domin tambarin da bai dace da shekarar mota ba shi ne abu na farko da idon masani ke kamawa, kuma daga nan zai fara shakkar sauran aikin, ya rage tayi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na zakin Peugeot, wato Fijo a bakin mutane. Ƙirar 203 ta 1948 da 403 ta 1955 sun zo da kan zaki na ƙarfe a saman murfin inji, amma a ƙarshen shekarun 1950 kamfanin ya cire shi saboda yana iya raunata mai tafiya a ƙasa idan aka yi haɗari. Ke nan 404 da ta fito a 1960, da 504 ta 1968, ba su taɓa barin masana'anta da zaki a saman murfi ba. Nasu yana jikin ragar gaba. Duk wanda ya huda murfin 504 don ya dasa kan zaki, ado ya yi wa kansa, amma ya ɓata ƙarfe mai lafiya, kuma ramin nan ƙofar tsatsa ce a gari mai iskar teku irin Kwatano.

Shi ma zakin raga ya sha canzawa. Na 404 zaki ne cikin garkuwa, a 1975 kuma aka fito da wanda aka zana da layi kawai, cikinsa fanko. Tunda an daina ƙera 504 mai ƙofa huɗu a Faransa a 1983, alhali masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta ci gaba da harhaɗa ta shekaru da dama bayan haka, dole mai gyara ya fara duba farantin lambar mota ya san shekararta da inda aka haɗa ta kafin ya nemi tambari.

Marsandi ta fi sauƙi. A ƙirar W123, wadda aka fara a 1976, tauraron yana tsaye a kan gindi mai sifirin: in an tura shi sai ya kwanta, in an sake ya miƙe. Na jabu yakan yi sako-sako ko ya ƙi komawa daidai. Kayan kamfanin na ɗauke da lamba, a jiki ko a kwali, kuma ya kamata a gwada ta da ƙirar motar.

Sauran aikin na hannu ne da ido. Tsohon tambarin ƙarfe yana da nauyi, gefunansa a fayyace; kwafi kuwa layukansa sun dushe, sau da yawa ma roba ce aka yi wa ruwan ƙyalli. A juya bayansa a ga ko ƙusoshinsa sun faɗa ramukan raga ba tare da an faɗaɗa su ba. Ƙananan ƙuraje a jikin ƙyallin ba aibi ba ne, tsufan ƙarfe ne. Tambarin da aka ce ya shekara hamsin amma yana walƙiya kamar jiya aka yi shi, shi ne abin tuhuma.

Akwai kuma batun sata. Tauraron Marsandi na cikin abubuwan da ɓarayi ke fizgewa, don haka wanda aka kawo a aljihu da gindi a karye, komai arharsa, gara a bar shi. Ya fi aminci a ciro daga mataccen mota mai ƙira ɗaya a garejin da aka sani, a gaban mai saye, a karɓi rasit.