Ammu da Velutha: Soyayyar da Coci da Jam'iyya Suka Juya wa Baya

Yawancinmu a fim muka san soyayyar Indiya: a yi waƙa, a yi rawa, uba ya ƙi, daga baya ya sauko. To, littafin The God of Small Things na Arundhati Roy, wanda ya fito a 1997 kuma ya ci kyautar Booker a shekarar, babu mai saukowa a cikinsa.

Labarin ya faru ne a Ayemenem, jihar Kerala a kudancin Indiya, cikin 1969. Ammu bazawara ce mai 'yan tagwaye, Estha da Rahel, ta dawo gaban iyayenta, Kiristoci masu tinƙaho da asali. Velutha kafinta ne, shi ke gyara injinan masana'antar gidan. Sai dai an haife shi cikin rukunin da ake ƙyamar ko taɓa jikinsu, waɗanda yau ake kira Dalit. Tun 1950 sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya ya haramta wannan wariya, amma a kan takarda kawai ta mutu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun addini. Ƙyamar ta samo tushe daga tsarin Hindu, shi ya sa kakan Velutha ya shiga Kiristanci don ya tsira. Ina! Sai aka ware musu cocinsu daban, da limamansu daban. Ga kuma jam'iyyar Kwaminis, mai wa'azin cewa talakawa duk ɗaya ne, wadda Velutha ɗanta ne. Ranar da asirinsa da Ammu ya tonu, ya je wurin shugaban reshensu, Pillai, mutumin ya zare hannunsa. Kowa na da aƙida a baki, amma da aka zo maganar wa ya isa ya so wa, al'ada ce ta yanke hukunci.

Gwaggon Ammu ta kai ƙarar ƙarya, 'yan sanda suka lakaɗa wa Velutha duka har ya mutu a hannunsu. Ammu ta rasu ita kaɗai tana da shekara 31, coci ta ƙi binne ta.

Kafin mu ce wannan sai Indiya, mu tuna gidajen da har gobe ke hana ɗan mahauta ko ɗan wanzamai aure, alhali sahu ɗaya ake bi a masallaci. Bai kai nasu muni ba, na yarda, amma warin iri ɗaya ne.

Turancin littafin akwai tauri fa, kuma labarin yana tsallake tsakanin 1969 da shekara 23 bayan nan, lokacin da tagwayen suka sake haɗuwa. Babin farko zai iya ruɗa ku. Ku daure, a babin ƙarshe Roy ta ajiye soyayyar kanta, bayan mun riga mun san duk su biyun sun mutu.